Annabi Yahaya da Waliyyan Magina a Zauren Freemason

A kowace shekara, ranar 24 ga Yuni da ranar 27 ga Disamba, 'yan ƙungiyar Freemason, ƙungiyar 'yan'uwantaka da ta samo asali daga ƙungiyoyin magina na Turai, a Amurka da Sikotilan da Jamus da wasu ƙasashe sukan taru su yi liyafa, su saurari jawabi, a wasu wuraren kuma su naɗa sababbin shugabanni. Ranar farko ta tunawa ce da haihuwar Yahaya Mai Baftisma, wanda Musulmi suka sani da Annabi Yahaya ɗan Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare su. Ta biyun kuwa ta Yohanna ce, almajirin Annabi Isa wanda Kiristoci ke danganta wa Bishara ta huɗu cikin littattafan Linjilarsu. Waɗannan bayin Allah biyu su ne ƙungiyar ta daɗe tana kira majiɓintanta, kuma a galibin zaurukanta, wato rassanta, na Amurka har yau ana faɗa wa sabon shiga cewa an keɓe zauren ne da sunayensu. Ra'ayina shi ne ƙungiyar da ta ce ita ba addini ba ce, kuma ƙofarta a buɗe take ga Kirista da Musulmi da Bayahude da Bahinde, ba ta da hurumin riƙe waɗannan sunaye a matsayin ado bayan ta ajiye abin da masu sunayen suka rayu a kansa, har aka fille wa ɗayansu kai saboda shi.

Na san cewa da zarar an ambaci Freemason a gaban Bahaushe, abin da ke faɗo masa a rai shi ne ƙungiyar asiri da shan jini da labaran da ake yawo da su a Facebook da WhatsApp. Ba da waɗannan labarai zan kafa hujja ba, domin abin da 'yan ƙungiyar suka rubuta da hannunsu, da abin da masana tarihi suka tono daga kundayensu, ya ishi mai son yin hukunci na adalci. Wanda ya ɗora suka a kan jita-jita yakan sauƙaƙa wa wanda yake suka hanyar kuɓuta.

Asalin al'adar a bayyane yake. A Turai ta zamanin da, kowace sana'a tana da ƙungiyarta, kowace ƙungiya kuma tana da waliyyin da ta ɗauka majiɓinci, tana kula da bagadinsa a cikin coci, tana sayen kyandir, tana biyan limamin da zai yi wa mamatanta addu'a, tana kuma fita jerin gwano a ranar idinsa. A shekarar 1475 hukumar birnin Edinbura ta ba magina da kafintoci izinin zama ƙungiya guda, ta kuma damƙa musu sashen Yohanna mai Bishara a cikin cocin Sant Jayils domin su riƙa kula da shi. Ga maginin wancan zamani, waliyyi ba ƙawa ba ne. Mutum ne da ya yi imani yana raye a wurin Ubangiji, yana jin kukansa, yana roƙa masa kariya a ranar da zai hau tsani da dutse a kafaɗa. Ko mai karatu ya yarda da wannan aƙida ko bai yarda ba, dole ya yarda cewa masu ita da gaske suke yi, kuma daga aljihunsu suke biyan kuɗinta.

Tun kafin Yahaya da Yohanna su yi fice, magina suna da wasu waliyyan da suka fi kusa da sana'arsu, waɗanda ake kira Shahidai Huɗu Masu Kambi, kuma labarinsu ya cancanci a tsaya a kansa. Ruwayar Coci ta ce a zamanin Sarkin Rum Diyokilishan, a farkon ƙarni na huɗu, akwai wasu gwanayen sassaƙa dutse da ke aiki a ma'adinan yankin Fanoniya da ke tsakiyar Turai. Sarki yana son aikinsu ƙwarai, suna sassaƙa masa ginshiƙai da kwatarniyoyi da duk abin da ya nema, har ranar da ya umarce su da su sassaƙa gunkin Askulafiyus, abin bautar da Rumawa ke nema wa waraka a wurinsa. Suka ce wannan kam ba za su yi ba, domin su Kiristoci ne. Aka yi musu bulala, aka rufe su da ransu a cikin akwatunan dalma, aka jefa su cikin kogi. A ruwayar su biyar ne, amma labarinsu ya cakuɗe da na wasu sojoji huɗu da aka kashe a Rum, sunan huɗun ya bi su. Akwai tsohuwar coci da ke ɗauke da sunansu a kan tudun Cheliyo a birnin Rum, ana kuma tunawa da su ranar 8 ga Nuwamba. A Fulorens, ƙungiyar masu aikin dutse da katako ta sa Nanni di Banco ya sassaƙa siffarsu a bangon cocin Orsanmikele a farkon ƙarni na goma sha biyar: mutum huɗu a tsaye sun yi rabin da'ira kamar masu shawara, a ƙarƙashinsu kuma an zana ma'aikata suna ɗora dutse, suna huda ginshiƙi, suna awo. Tsohuwar waƙar magina ta Ingila da ake kira Regius, wadda aka rubuta wajen shekarar 1390 kuma 'yan Freemason ke ɗauka a matsayin mafi daɗewar takardunsu, waɗannan shahidai ta kawo labarinsu domin su zama abin koyi ga mai koyon sana'a. Darasin da ke cikin labarin ba shi da wahalar fahimta: gwani yana da iyakar da ba zai ƙetare ba ko da mai ba shi aiki sarki ne.

Mu ma wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Maƙeri yakan ce sana'arsa gadon Annabi Dauda ce wanda Allah ya tausasa wa ƙarfe, kafinta ya ambaci Annabi Nuhu da jirginsa, tela ya ambaci Annabi Idrisu. A Istambul ta zamanin Usmaniyya kowace ƙungiyar sana'a tana da wani annabi ko sahabi da take jingina asalinta gare shi, kamar yadda matafiyin nan Evliya Celebi ya bayyana a bayaninsa na jerin gwanon masu sana'a da aka yi a 1638. Saboda haka jingina sana'a ga wani bawan Allah ba laifi ba ne a idona, muddin mai jinginawar yana sana'ar kuma ya yi imani da wanda ya jingina gare shi.

Waɗannan sharuɗɗa biyu su ne suka zube ɗaya bayan ɗaya. Juyin addini da ya zo Sikotilan a 1560 ya kawar da bagadai da addu'a ga waliyyai, amma magina suka ci gaba da taruwa ranar 27 ga Disamba domin zaɓen shugabanni da biyan kuɗin ƙungiya, ranar ta koma ranar lissafi. Daga nan kuma, cikin ƙarni na goma sha bakwai, attajirai da masu ilimi da ba su taɓa riƙe guduma ba suka fara shiga zaurukan magina, har suka rinjaye su. Bisa labarin da James Anderson ya rubuta a 1738, zauruka huɗu na Landan sun haɗu a wata mashaya kusa da cocin Sant Fol ranar 24 ga Yunin 1717, suka kafa Babban Zaure na farko mai kula da sauran zauruka, suka zaɓi Anthony Sayer shugaba. Kundin dokokin da Anderson ɗin ya wallafa a 1723 ya ce abin da ake buƙata ga ɗan ƙungiya shi ne addinin da dukan mutane suka yi tarayya a kansa, ra'ayinsa na kansa kuma a bar masa. Ke nan a daidai lokacin da ƙungiyar ta ɗauki ranar Yahaya a matsayin ranar haihuwarta, a lokacin ne ta fara janye jiki daga aƙidar da ta ba ranar ma'ana.

Abin bai tafi salin alin ba. A 1751 wasu zauruka, waɗanda yawancin mutanensu 'yan Ayilan ne mazauna Landan, suka kafa nasu Babban Zauren, suka kira kansu na gargajiya, suka zargi na farkon da sauya al'ada, har da sakaci da ranakun waliyyan nan biyu. Rabuwar ta kai shekara sittin da biyu, sai ranar 27 ga Disambar 1813, ranar Yohanna, ɓangarorin suka haɗe ƙarƙashin jagorancin Yariman Saseks, ɗan Sarki Joj na Uku. Wannan yarima mutum ne mai sha'awar harshen Ibrananci kuma mai goyon bayan a ba Yahudawan Ingila cikakken 'yanci, kuma a zamaninsa ne aka tace tsarin bukukuwan ƙungiyar, aka cire mafi yawan abin da ke nuni kai tsaye ga Kiristanci. A wurin da ake ambaton Yahaya da Yohanna aka sa Annabi Musa da Annabi Sulemanu. Mutum yana iya cewa an musanya sunaye masu tsarki da wasu masu tsarkin ne kawai, kuma akwai gaskiya a hakan, amma aƙalla mutanen Ingila sun gane cewa ba daidai ba ne a kira Bayahude ɗan'uwa sannan a sa shi ya yi rantsuwa a zauren da aka keɓe wa marubucin Bishara.

Amurka ba ta bi wannan gyara ba, domin zaurukanta sun riga sun tsaya da ƙafafunsu. A can har yanzu ana nuna wa sabon shiga wani zane mai sauƙi: ɗigo a tsakiyar da'ira, da layuka biyu a tsaye, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da littafi mai tsarki a sama. Ana gaya masa cewa ɗigon shi ne kansa, da'irar ita ce iyakar da bai kamata son zuciyarsa ya ƙetare ba, layukan biyu kuma su ne Yahaya da Yohanna. Idan ya tambayi dalilin zaɓen waɗannan biyun, amsoshin da zai samu suna da yawa. Wasu tsofaffin darussan ƙungiyar sun ce Yohanna da kansa ya karɓi shugabancin magina yana da shekara fiye da casa'in a birnin Afisa, labarin da babu wata shaidar tarihi da ta goyi bayansa, kuma masanan ƙungiyar ma ba sa kare shi. Wasu sukan ce Yahaya alama ce ta himma, Yohanna kuma alama ce ta ilimi, sai ɗan ƙungiya ya daidaita tsakaninsu. Wasu kuma sukan ce ai maganar ta rana ce, domin 24 ga Yuni tana kusa da yini mafi tsawo a arewacin duniya, 27 ga Disamba kuma tana kusa da mafi gajarta, saboda haka waliyyan biyu sun gaji bukukuwan maguzawan Turai ne kawai.

A nan ne nake da ja mai ƙarfi. Annabi Yahaya mutum ne mai tarihi da saƙo, kuma waɗanda suka yi imani da shi sun san abin da ya faɗa. Alƙur'ani ya ce an umarce shi da ya riƙi Littafi da ƙarfi, an ba shi hukunci tun yana yaro, an kuma yi masa sallama a ranar haihuwarsa da ranar mutuwarsa da ranar tashinsa. Bishara ta ce ya zauna a jeji yana sanye da tufar gashin raƙumi, yana cin fara da zuma, yana kiran mutane zuwa ga tuba, kuma ya dubi Sarki Hirudus Antifas ya gaya masa cewa bai halatta ya auri matar ɗan'uwansa ba. Saboda wannan magana aka tsare shi, aka fille masa kai, kuma masanin tarihin Yahudawa Yusifus ya ce a sansanin Makerus, gabas da Tekun Gishiri, aka kashe shi. Mayar da irin wannan mutum layi a gefen da'ira, ko alamar tsawon yini, rage masa daraja ne ko da mai yin hakan bai nufa ba. Wanda ya ari rigar malami ya tafi da ita biki bai sace ta ba, amma ya sa ta a inda mai ita ba zai sa ba.

Masu kare al'adar suna da hujjojin da bai kamata a yi watsi da su ba. Sukan ce bukukuwan nan sun kasance lokutan tara sadaka, kuma gaskiya ne: a ƙarshen Disambar 1778, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Amurka, Joj Washinton ya shiga jerin gwanon ranar Yohanna a Filadelfiya zuwa coci, inda aka tara kuɗi domin matalautan birnin. Sukan kuma ce Yahaya shi ne ya fi dacewa da ƙungiyar da ke son haɗa mabiya addinai, tunda Kirista da Musulmi duk suna girmama shi, kuma suna iya kawo misali da Masallacin Banu Umayya na Dimashƙu, inda akwai hubbaren da aka ce kansa yana ciki, wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya ziyarta a 2001. Amma wanda ya shiga wancan masallaci yakan shiga ne da imaninsa cikakke, Musulmi yana ganin annabi, Kirista yana ganin wanda ya share wa Almasihu hanya, babu wanda aka ce ya ajiye aƙidarsa a bakin ƙofa. A zauren Freemason kuwa doka ce kada a tattauna addini, ke nan ana ambaton sunan mai wa'azi a wurin da aka hana maimaita wa'azinsa. Ba abin mamaki ba ne da waɗanda suka fi kowa riƙe waɗannan sunaye da muhimmanci suka ƙi amincewa da ƙungiyar. Fafaroma Kilement na Goma Sha Biyu ya haramta wa 'yan Katolika shigarta a 1738, fadar Batikan ta sake jaddada haramcin a 1983 da 2023, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta fitar da matsaya mai tsauri a kanta a 1978.

Akwai kuma gwajin da ya fi wannan nauyi a wurina, wato ko ɗaukar sunan ya sauya halin masu ɗaukarsa. A ranar 6 ga Maris 1775, wani baƙar fata mai 'yanci a Boston mai suna Prince Hall, tare da wasu goma sha huɗu, sun shiga ƙungiyar ta hannun wani zaure da ke tare da rundunar sojan Birtaniya. Da sojojin suka tashi, izinin da suka bar musu ƙanƙane ne: su taru, su yi jerin gwano a ranar Yahaya, su kuma binne mamatansu bisa al'adar ƙungiya. Zaurukan fararen fata na Amurka, waɗanda ke ambaton waliyyan nan biyu, suka ƙi karɓarsu a matsayin 'yan'uwa, sai daga Ingila suka samu takardar kafa zaurensu a 1784. A ranar 24 ga Yunin 1797, Prince Hall ya tsaya gaban mutanensa ya yi jawabi a kan cin mutuncin da baƙaƙe ke sha a titunan Boston, ya kuma ƙarfafa musu zuciya da labarin bayin da suka tashi tsaye a Haiti. Idan akwai wanda ya yi amfani da ranar Yahaya ta hanyar da ta yi kama da Yahaya, to shi ne wannan mutum da aka rufe wa ƙofa. Sai a 1989 Babban Zauren jihar Konetikat ya buɗe hanyar amincewa ta dindindin da zaurukan Prince Hall, wasu jihohin kudu kuma suka ci gaba da jan ƙafa har cikin wannan ƙarni. Fiye da shekara ɗari biyu ana kiran sunan mai wa'azin tuba, ba a tuba daga wariyar launin fata ba.

Batun sirri ma yana da alaƙa da wannan. Yahaya a fili ya yi magana, a bakin kogin Urdun, gaban talaka da soja da mai karɓar haraji, kuma masassaƙan Fanoniya a fili suka ce a'a. 'Yan Freemason sukan ce sirrinsu bai wuce alamun gane juna ba, kuma na yarda cewa mafi yawansu mutane ne na gari masu neman zumunci da aikin taimako. Sai dai tarihi ya nuna abin da duhu ke iya ɓoyewa. A 1981 masu bincike a Italiya suka gano jerin sunaye 962 na zauren P2 da Licio Gelli ke jagoranta, ciki har da ministoci da janar-janar da shugabannin hukumomin leƙen asiri, lamarin da ya kayar da gwamnatin Arnaldo Forlani. Gaskiya ne cewa wannan zaure ya kauce wa dokokin uwar ƙungiyar, amma rantsuwar rufa wa juna asiri ce ta ba shi inuwar da ya girma a ciki. Irin wannan fargaba ce ta sa tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya hana ɗan ƙungiyar asiri tsayawa takarar shugaban ƙasa ko gwamna ko ɗan majalisa, ko da yake bai ambaci sunan wata ƙungiya ba. Jama'a suna da haƙƙin sanin wa alƙali ko ɗan sanda ya yi wa alkawarin 'yan'uwantaka, kuma sunan waliyyi a saman ƙofa ba ya ɗauke wannan haƙƙi.

Hanyoyi biyu na gaskiya suna nan a buɗe, kuma kowace akwai masu bin ta. Tsarin Suwidin, wanda ake bi a Suwidin da Nowe da Denmak da Aisilan, ya fito fili ya ce shi na Kiristoci ne, matakansa na farko suna ɗauke da sunan Yahaya, na gaba kuma da sunan Andarawus almajirin Annabi Isa, kuma ba ya karɓar wanda ba Kirista ba. Ana iya sukarsa da ƙunci, amma wanda ya shiga ya san inda ya shiga. Ingila kuma ta zaɓi ta buɗe ƙofa ga kowa, ta sauke sunayen biyu daga matsayin majiɓinta, ta bar tarihinsu ga masu bincike, irin su zauren nazari na Landan da aka buɗe a 1886 da sunan Shahidai Huɗu Masu Kambi, wanda aikinsa shi ne tace tatsuniya daga tarihi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tsayuwa a tsakiya, a gaya wa Kirista cewa ga waliyyansa nan ana girmamawa, a juya a gaya wa Musulmi da Bayahude cewa kada su damu, alamu ne kawai na himma da ilimi da juyawar rana. Zaurukan da ke yin haka, musamman na Amurka, ya kamata su zaɓi ɗaya daga cikin maganganun biyu su faɗa wa kowa ita, tun kafin mutum ya durƙusa ya ɗora hannunsa a kan littafin da ya yi imani da shi.